Mun gaji da manhajar sata a sitidiyo: wa ya taɓa ɗora Rivendell a ƙaramin gidan rediyo?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan ruwa. Ni ke kula da na'urori a wani ƙaramin gidan rediyon al'umma a Jigawa. Muna buɗe tasha ƙarfe 5:30 na asuba, mu rufe 11 na dare. Kwamfutar sitidiyo ɗaya ce tal, kuma manhajar jera shirye-shiryen da ke kanta ba sayenta aka yi ba, fasa ta aka yi, wani yaro ya ɗora mana shekarun baya. Ranar Talatar da ta wuce wani mai gabatarwa ya zo da filashi daga shagon masu tura waƙa, ya soka. Kafin la'asar duk folda ta koma shotkot. Tallan wata guda, sanarwar ɗaurin aure, cigiyar akuya, karatun da muka ɗauka a masallaci, komai ya ɓoye. Awa 2 muka yi muna watsa shiri daga wayar mai karanta labarai da muka jona a mikisa. Ana cikin haka matarsa ta kira, duk gari ya ji ƙarar wayar.

Na dawo da mafi yawan kayan, amma na rantse ba zan sake zama a kan wannan hali ba. Na ji ana maganar manhajojin Rivendell da LibreTime, wai kyauta ne kuma a kan Linux suke tafiya, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake ɗorawa a madadin Windows. Wanda ya taɓa aiki da su a zahiri, ba wanda ya karanta a intanet ba, don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Yaron Linux:
Wa alaikumus salam Baba. Rivendell kawai, kada ka tsaya dogon tunani. Ba manhajar wasa ba ce. Wani injiniya a Amurka mai suna Fred Gleason ya fara rubuta ta tun 2002 don manyan tashoshi na kasuwanci, aka sake ta a ƙarƙashin lasisin GPL, kowa ya ɗauka ya yi amfani ya gyara. Zubi na 4 yana hawa kan Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux. Ƙwayar cutar da ke yawo a filashin shagunan tura waƙa don Windows aka yi ta, a Linux sai dai ta zauna kamar baƙo a gidan da ba ya jin yarensu.

Ba manhaja ɗaya ba ce, gungu ne. RDLibrary nan ne rumbun sauti, kowace waƙa ko talla tana da lambarta. RDLogEdit nan kake jera abin da za a watsa yau. RDAirPlay shi ne wanda mai gabatarwa yake gani a gabansa. RDCatch yana ɗaukar shiri da kansa a lokacin da ka tsara masa. RDLogManager kuma shi ke haɗa jadawalin gobe kana barci.

Tsohon Injiniya:
Yaro, sannu da zumuɗi. Duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka fara daga rufin ɗaki. Baban Sadik, amsa mini tambaya 3 kafin a yi maganar wace manhaja. Idan an ɗauke wuta, daƙiƙa nawa kwamfutar ke yi kafin janareta ya ɗauka, ko mutuwa take yi a sake kunnawa? Me ke saita agogon kwamfutar? Sannan ranar da kai ka kwanta zazzaɓi, wa zai taɓa ta?

Baban Sadik:
Ranka ya daɗe, ka taɓo inda ke ciwo. UPS ɗinmu, na'urar da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, batirinsa ya mutu tun bara, wuta na tafiya kwamfuta na bin ta. Agogo da hannu nake gyarawa idan na lura ya kauce. Na ukun kuwa, babu kowa.

Tsohon Injiniya:
To ka ga aikinka na farko ba Linux ba ne, batir ne. Rivendell tana ajiye komai a wuri 2. Sautin kansa yana cikin /var/snd, amma ba da sunan waƙa ba, da lamba, irin su 010045_001.wav. Sunan, da mai waƙar, da inda za ta fara da inda za ta ƙare, da jadawalin mako, duk suna cikin ma'ajiyar bayanai ta MariaDB. Wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu a ma'ajiyar nan, wata rana za ka wayi gari da fayil dubu 5 masu lamba, ba ka san wanne ne kiran salla wanne ne tallan maganin basir ba. Wannan ba laifin manhaja ba ne, kowace ma'ajiya haka take da yankewar wuta.

Na Gidan Jiya:
Ni fa ban ga dalilin wannan wahala ba. Ku goge kwamfutar, ku sake ɗora Windows, ku sa RadioDJ ko tsohuwar ZaraRadio. Su ma kyauta ne, halal, ba sata. Duk mai gyaran kwamfuta a kasuwa ya san Windows. Linux ɗin nan in ya ƙi tashi ranar Juma'a da rana, wa za ka kira a Jigawa?

Yaron Linux:
Yaya, kyauta daban, buɗaɗɗe daban. RadioDJ kyauta ce amma tushen rubutunta, wato asalin umarnin da aka gina ta da shi, yana hannun mai ita. Ranar da ya daina, ta tsaya. Kuma ita ma fa ma'ajiyar MySQL ko MariaDB take amfani da ita, wato matsalar wutar da Baba Injiniya ya faɗa tana nan. Ga filashi kuma zai dawo.

Na Gidan Jiya:
Kai ka taɓa buɗe tushen rubutun Rivendell ka gyara ko layi ɗaya?

Yaron Linux:
Ban taɓa ba.

Na Gidan Jiya:
To ka gani. Buɗaɗɗiyar ƙofar da ba za ka shiga ba.

Tsohon Injiniya:
Na Gidan Jiya yana da gaskiya rabi. Tambayarsa ta wa za ka kira ita ce tambayata ta uku, kuma ba a amsa ta da surutu. Amma amfanin buɗaɗɗen tushe ba sai kai ka gyara da hannunka ba. Misali a gabanmu: ƙungiyar Sourcefabric ta birnin Prag ta yi manhajar Airtime, daga baya ta karkata ga sigar da ake biya, sai masu amfani da ita suka ɗauki tushen suka ci gaba a 2017 da sunan LibreTime. Tashoshin da ke kanta ba su rasa gida ba. Da a rufe take, shi ke nan.

Ba'adare:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda anka ambaci LibreTime bari in sa baki, don mu ita munka gwada nan wajenmu cikin jihar Tawa. Abin da ya ja mu, ta cikin burauza ake aiki da ita. Na'ura guda ce ke riƙe da ita cikin sitidiyo, kowa ya buɗe daga tashi na'ura, ya ga kalanda ta mako kamar allon makaranta, ya zuba shirinai cikin awar da anka ba shi. Ba sai da intanet ba, waya ce munka ja tsakanin ɗakuna. Akwai Faransanci a ciki, wanga ya taimaki yaranmu ƙwarai. Ƙarƙashinta Liquidsoap ne ke kunna sauti, Icecast kuma shi ka tura shi ga intanet in kuna so.

Amma in gaya muku inda ta gaza muna. An yi ta ne don shirin da anka riga anka ɗauka. In mai gabatarwa na zaune gaban makirfo, mutane na kira, yana son ya danna taken shiri yanzu, ya tsaida waƙa, ya saka sanarwar rasuwa da anka kawo yanzu ga hannu, ba ta da wannan saurin. Mu kuwa rabin aikinmu kai tsaye ne. Daga baya munka bar ta ga shirin dare da maimaici, da rana yara na aiki da Mixxx, wata manhajar kunna waƙa da hannu.

Batun kuran kuma, wato wutar lantarki, ku yi koyi da mu. Radiyon karkara ta hwarko nan Nijar, ta Bankilare a 1999, da hasken rana ta tashi, kuma har yau da yawa haka suke. Wanda ke bisa batir shina ƙirga kowane wat. Babbar kwamfuta ta tebur na iya shan wat 100 ko hiye. Laftof ba ta kai rabin haka ba, kuma batirinta shi ne UPS ɗinta. Mu tsohuwar laftof munka sa, kuran ya tahi ya dawo ba ta ko ji.

Baban Sadik:
Allah ya saka, Malam Ba'adare. Mu ma kai tsaye ya fi yawa, daga gaisuwar safe har shirin manoma. Ke nan Rivendell ta fi kusa da mu. Dabarar laftof ɗin nan ban taɓa kawo ta a raina ba.

Maman Hanifa:
Ku yi haƙuri in shigo maganar injiniyoyi. Ni shugabar sashen shirye-shirye ce a wata tashar, shekara 11 ina gaban makirfo. Duk lokacin da aka ce za a canja manhaja, ba wanda ke tambayar mu da za mu zauna da ita awa 4 a jere. An taɓa kawo mana wata, mai kawowar ya yi mana bayani na minti 20 da Turanci ya hau mota. Washegari wata yarinya ta danna abin da ba ta sani ba ana tsakiyar sanarwar rasuwar wani dattijo, kiɗan biki ya tashi. Iyalan har ofis suka zo. Yarinyar ta yi kuka, ta ce ba za ta sake shiga sitidiyo ba, kuma ba ta sake ba.

Abin da nake son sani: a Rivendell ɗin nan, mai gabatarwa yana da ikon hana ta ci gaba da kanta?

Yaron Linux:
Yana da shi, Hajiya. RDAirPlay tana da hali 3. Akwai wanda take tafiya da kanta, abu na ƙarewa na gaba ya tashi. Akwai na taimakon mai gabatarwa, da kuma na hannu zalla, inda ba abin da zai tashi sai an danna. Maɓalli ɗaya ne a saman allo ke sauyawa, kuma launinsa yana canjawa. A gefe kuma akwai allon maɓallai da za ki zuba taken shiri, sallama, kiɗan ƙasa, kowanne da launin da kika zaɓa.

Maman Hanifa:
To a koya musu wannan maɓallin kafin komai. Kuma kada a sa kiɗan biki kusa da taken ta'aziyya a allon, ko da launinsu ya bambanta. Yatsa ba ya karatu.

Mai Talla:
Ni tawa tambayar ta kuɗi ce. Mai shagon taki ya biya a sa masa talla sau 5 a rana, ƙarshen wata ya zo ya ce shi sau 2 yake ji. Ba ni da abin nuna masa sai littafin da masu gabatarwa ke sa hannu, wanda kowa ya san a ƙarshen aiki ake cike shi gaba ɗaya.

Tsohon Injiniya:
Nan kam za ka ji daɗi. Duk abin da RDAirPlay ta kunna tana rubuta shi da awa da minti da daƙiƙa, kuma ana fitar da rahoto daga RDLogManager a buga a takarda. Ta kuma bari ka sa wa talla ranar farawa da ranar ƙarewa, kwangila na cika ta daina fita. Sai dai ka sani, rahoton yana cewa kwamfuta ta kunna, ba ya cewa mai gabatarwa ya ɗaga fedar, wato maɓallin ƙarar sauti, a mikisa. Don haka ku riƙa ɗaukar abin da ya fita iska daga wata ƙaramar rediyo. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ma tana son tasha ta ajiye rikodin abin da ta watsa. Ba ya cin wuri: MP3 mai kilobit 32 yana cin megabait 14 da ɗoriya a awa, awa 18 a rana na wata 3 bai wuce gigabait 24 ba.

Baban Sadik:
Jama'a na dawo bayan kwana 5. Na samo laftof ta hannu, na ɗora Ubuntu 22.04 sabo fil, na buɗe mai amfani da sunan rd kamar yadda umarnin ya ce. Wajen girkawa ta tambaye ni ko mai zaman kanta ce, ko uwar garke, ko 'yar reshe, na zaɓi mai zaman kanta. Sai da na je gidan wani abokina mai intanet mai ƙarfi, don ta sauke kaya da yawa, datar wayata ba za ta ɗauka ba. Ta gama lafiya. Na buɗe RDLibrary na tarar da abu ɗaya tak, lamba 999999, sautin gwaji. Na danna. Shiru. Tun azahar nake dannawa.

Yaron Linux:
Baba kowa a nan ya fara faɗuwa. Rivendell ba ta bi ta hanyar da sauran manhajojin Ubuntu ke bi su fitar da sauti, katin sautin take so a ba ta ita kaɗai. Buɗe RDAlsaConfig, zaɓi katin da ka jona da mikisa, ka ajiye, ka sake kunna na'urar. Sannan ka leƙa RDAdmin ka tabbatar RDAirPlay da RDLibrary suna nuni ga wannan katin. Shawarata, kada ka yi amfani da ramin iyafis na laftof. Sayi ƙaramin katin sauti na USB, ka ba Rivendell shi, na cikin laftof ya zauna wa sauran abubuwa. In ba haka ba wata rana ƙarar shigowar saƙo za ta fita iska.

Baban Sadik:
Ya yi! Wallahi ban taɓa jin daɗin ƙarar "tiiiii" irin na yau ba. Har mai shara ta leƙo ta ce lafiya.

Tsohon Injiniya:
Madalla. Yanzu je RDAdmin ka sa wa admin kalmar sirri, don a buɗe take zuwa. Kuma ka yi lissafin wuri tun yanzu. In ka bar ta tana ajiye WAV a 48,000, sitiriyo, kowane minti yana cin megabait 11 da rabi, awa guda kusan 690. Faifai mai terabait 1 zai ɗauki awa 1,400 da wani abu. Ga waƙa da talla ya isa har a gaji. Tafsirin azumi na shekara da shekaru ne ke cinye wuri, shi ka ajiye shi a baki ɗaya, ba sitiriyo ba, ka rage rabi.

Maman Hanifa:
Wakilanmu na ƙauyuka da WhatsApp suke turo rahoto. Yana shiga?

Yaron Linux:
Ni nakan fara juya shi zuwa WAV, Hajiya, da ffmpeg ko Audacity, sai in jefa shi a foldar da Rivendell ke gadi. Ana saita folda ne a ce mata duk abin da ya faɗo nan ki ɗauka, ki daidaita ƙarfinsa, ki yanke shirun farko da na ƙarshe, ki sa shi a rukunin labarai. Ba sai wakili ko edita ya san komai game da RDLibrary ba.

Ba'adare:
Haka mu ma muke yi da shirin Studio Kalangou in mun sauke shi, da na ƙungiyoyin da ka kawo muna shirin lahiya. Amma ga wani abu da za ya cije ku in ba ku yi shiri ba: rubutun suna. Wani ya rubuta "ƙasa", wani "kasa", wani "k'asa" irin namu na da. Bayan wata shida kana neman abu ka san yana ciki, ba ka ganinai. Ku zauna ku yanke hanya guda tun rumbun bai cika ba.

Baban Sadik:
Na gwada, ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa daidai a allon. Amma allon rubutun sitidiyo ba shi da su, kuma ba zan ce mai gabatarwa ya tsaya neman ƙ ana kan iska ba. Ina ganin sunan da za a yi nema da shi mu rubuta ba lanƙwasa, cikakken rubutun ya tafi gurbin bayani.

Na Gidan Jiya:
Malaman Hausa za su ci ku tara.

Baban Sadik:
Su zo su yi aikin dare ɗaya tukuna.

Yanzu ga babbar tambayata, wadda ta hana ni barci. Na fahimci yadda RDLogManager ke aiki: kana zana agogon awa guda, minti kaza labarai, minti kaza talla, sauran waƙa, sai ka jera agogunan a allon mako mai gurbi 168, awa 24 sau kwana 7. Lafiya lau ga labaran ƙarfe 7. To kiran salla fa? Magariba a nan tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, a Yuli kuma sai kusan 7 saura. Kusan awa guda ke tsakani, kuma kullum tana matsawa kaɗan kaɗan. Agogon da aka zana ba ya matsawa.

Yaron Linux:
Ana iya sa wa abu tsayayyen lokaci, Baba. Kana ce mata ƙarfe 6:23 daidai ki tashi wannan, kuma ka zaɓa: ta katse abin da ke tafiya nan take, ko ta sa shi ya zama na gaba, ko ta jira 'yan daƙiƙu. Sai dai lokacin kullum sai an canja. Ni da zan rubuta ɗan ƙaramin shiri ya lissafa lokutan salla na shekara daga inda garinku yake a taswira, ya riƙa zuba su da kansa.

Tsohon Injiniya:
A nan ne zan ja maka birki, ɗana, kuma zan daɗe a kai.

Wata shekara cikin azumi, a wata tasha da na yi wa aiki, muna da irin wannan tsari, kiran magariba na tashi da kansa. Akwai ɗan batir kamar kwabo a cikin kowace kwamfuta, CR2032, shi ke riƙe agogo in an kashe ta. Namu ya raunana ba mu sani ba. Aka ɗauke wuta da rana, wani ya kunna ta, ya ga agogo ya rikice, ya saita da agogon hannunsa. Agogon nasa yana gaba da minti 7. Ina gida na ji kiran salla a rediyo, na leƙa waje, rana tana nan jajir a kan bishiya. Kafin in kira sitidiyo, mutanen da ke gona da masu shago da matan da ke cikin gida nesa da masallaci sun kai dabino baki. Washegari limamin gari da kansa ya aiko. Ba mu da abin cewa. Tallan da ya fita kafin lokacinsa ba wanda zai kula, wannan kuwa azumin mutane ne.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Kiran salla yana shirye a allon maɓallai, mutum ne ke dannawa, bayan ya dubi jadawalin da masallacin Juma'a ya bayar kuma ya ji ladan. Lissafin taswira daidai ne a kimiyyance, ban musa ba, amma garinku ba da shi yake buɗe baki ba, da ladaninsa yake yi. In rediyo ta riga masallaci da minti 2, ko da ita ce ke da gaskiyar lissafi, rigima kuka saya.

Agogon kuma a gyara shi duk da haka, don labarai da haɗa layi. In akwai intanet ko ta waya ce, manhajar chrony za ta riƙa daidaita shi, ba ta cin data. In babu, akwai 'yar na'urar GPS ta USB, a ajiye ta bakin taga, tana karɓo lokaci daga tauraron ɗan'adam ba da ko sisi ba. Batirin kwabon nan kuma a canja shi kafin ya nuna alama.

Yaron Linux:
Na karɓa, Baba. Amma asuba fa, lokacin da ba kowa a sitidiyo?

Maman Hanifa:
Wa ya ce ba kowa? Ai a nan nake jin tsoron abin naku. Yau an ce na'ura za ta riƙe dare, gobe shugaban tasha ya ce to me ya sa muke ba yaron dare kuɗin mota. Gidan rediyon al'umma ba don waƙa ta yi ta zuba aka buɗe shi ba. Ƙarfe 10 na dare ake bugo waya a ce yaro ya ɓata, ko gobara ta tashi a kasuwa, ko ruwa ya karya gada kada masu mota su bi. Kwamfuta ba ta ɗaga waya.

Mai Talla:
Hajiya, amma ki duba ta ɗaya gefen. Yanzu 11 muke rufewa don ba mai zama. Da na'ura sai mu kai har sahur da azumi, kuma masu shayi da masu shinkafa za su biya tallan wannan lokacin.

Maman Hanifa:
Man janaretan tiransimita na awa 6 ɗin, masu shayin ne za su saya?

Mai Talla:
Wannan kuma sai na yi lissafi.

Ba'adare:
Hajiya ta hwaɗi gaskiya. Mu abin da munka yi, na'ura na riƙe maimaici, amma mutum guda na kwana, kuma an koya mai maɓalli guda: yadda za ya tsaida ta ya buɗe makirfo. Ko mai gadi ne ya iya.

Wanda ke tunanin turawa ga intanet don 'yan ci-rani su ji, shi ma ya yi lissahi. Kilobit 64 dare da rana na cin wajen gigabait 20 ga wata, daga sitidiyo zuwa uwar garke kawai. Mu awa 3 muke turawa da maraice, lokacin da mutanenmu na Abijan da Legas suka tashi aiki.

Baban Sadik:
Ga inda na tsaya, bayan mako 3. Tsohuwar kwamfutar tana nan a layi na 1 na mikisa, laftof mai Rivendell a layi na 2. Daga 9 zuwa 11 na dare da Rivendell muke fita, da rana kuma duk wanda ya ji zai iya ya gwada, in ya rikice ya ja feda ya koma tsohuwar. Mutum 4 cikin 9 sun koma sabuwar da kansu. Dattijon da ke shirin noma ya ce shi sai bayan girbi. Kiran salla yana kan maɓalli kore a kusurwar sama, shi kaɗai, ba komai kusa da shi. Na toshe sauran ramukan filashi na laftof da salatif, duk mai kawo sauti ya kai kwamfutar edita.

Abin da ban yi ba har yanzu shi ne ajiyar kwafi.

Tsohon Injiniya:
Yau za ka yi, ba gobe ba. Abu 2 ne kuma tare suke tafiya: ma'ajiyar bayanai da umarnin mysqldump, foldar /var/snd da umarnin rsync, zuwa faifan waje. Ɗaya ba ɗaya ba shi da amfani. Faifan kada ya kwana a sitidiyo, tsawa in ta bi eriya ba ta tambayar wanne ne kwafi. Kuma kwafin da ba ka taɓa gwada mayarwa a wata na'ura ba, kada ka kira shi kwafi tukuna. Ga hunturu na tafe, ka ɗaga laftof ɗin daga kan tebur, ka riƙa hure mata ƙura duk mako.

Tambayata ta uku fa? Har yanzu ba ka amsa ba.

Baban Sadik:
Akwai wata yarinya da ta gama diploma, tana karanta mana sanarwa. Ita ta gano yadda ake sa alamar inda waƙa za ta fara shiga ta gaba, ni ban nuna mata ba. Na ce ranar Asabar za mu goge wata tsohuwar kwamfuta ta ɗora komai daga farko da hannunta, ni ina gefe ba zan taɓa ba. Kwafin da za mu ɗauka yau a kanta za mu gwada mayarwa.

Maman Hanifa:
Ka ce ta riƙa rubuta kowane mataki da Hausa a littafi tana yi, har da inda ta yi kuskure. In kun gama ku ɗauki hoton shafukan ku turo nan, ina da yara 2 da zan ba.

Na Gidan Jiya:
Ni ma a turo mini. Ba wai na sauya ra'ayi ba ne. Laftof ɗin nan, ram ɗinta nawa ne?

Baban Sadik:
Gigabait 8. Allon ya tsage a gefe, shi ya sa na same ta da araha.